Surfen da na yi a Akra

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, ranar kasuwar Tsanyawa har mai manja sai da ya tsayar da ni. Wai yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske ne na ga teku. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban yi boko ba. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Binta na ce ta rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya a karanta masa.

Sunana Hanne. Noma nake yi da kiwon awaki a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure. Ƙanena ɗaya ne a duniya. Can Alhaji Iliya suke ce masa, ni Auta nake ce masa. Ya tafi Gana yana saurayi, ya bi masu fataucin goro, daga baya ya koma sayar da kayan gini, Allah ya buɗa masa. Yakan zo gida bayan shekara biyu ko uku, da tumbinsa da ƙamshin turarensa. Bana bai zo ba. Matarsa Hajiya Rabi ce ta kira ni a waya bayan an gama girbi.

Ta ce, "Yaya, ƙaninki ba lafiya. Ciwon suga ne. Ya ji rauni a ƙafa, wata uku ya ƙi warkewa. Likita ya ce in bai gyara cin abinci ba, ƙafar za a yanke. Ba ya jin maganata. Ke kaɗai yake shakka."

Na ce, "Ina zuwa."

Ban taɓa wuce Zariya ba. Aka kai ni Kano aka yi mini fasfo, aka yi mini allura aka ba ni wani kati ruwan ɗorawa. Na ɗaure daddawa da garin kuka a ƙasan jaka. Matan gidanmu suka yi ta dariya, wai gidan Alhaji zan kai kuka. Na rufe jakata.

Rabi ta haɗa ni da wata 'yar kasuwa mai bin hanyar, Hajiya Falmata. Iyayenta mutanen Barno ne, amma a Fagge aka haife ta. Turaren wuta take kaiwa Akra, ta dawo da atamfa. A tasha ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce yayar Alhaji? Na zaci zan ga mace ta cika kujera. Ashe kara aka aiko mini."

Na ce, "Gona ba ta barin mutum ya ajiye tumbi."

"To zauna ta jikin taga, ni in samu wurin baza nawa."

Babbar mota muka shiga zuwa Legas. Falmata ba ta rufe baki ba, in ba magana ba to tauna. Burodi, soyayyen nama, cincin, lemon kwalba. Tana da hawan jini, kuma da lemon take haɗiye ƙwayar maganin. Ni dakuwa na riƙo da busasshiyar fura. Ta leƙa ledata ta ce in ɓoye kada a ce ba ta kula da ni. Ta tura mini burodi. Na ci, don na san a wurinta karamci ne.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙasa ce. Mu a wajenmu ba taku ɗaya da ba shi da mai shi. Gonar wannan na jingine da ta wancan, har gefen hanya ana shuka wake. Amma da muka wuce Kaduna sai ga daji, tafiya mai nisa ba kunyar shuka ko ɗaya, ba bukka, ba akuya. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ba mai yanka. Na yi ta tunanin awakina. Da muka hau gadar Jebba na ga kogin Kwara, na riƙe kujerar gabana har muka sauka. Falmata ta ce wannan kwata ce, in jira in ga uban ruwa.

A Legas muka sauka a Agege, gidan wani mai masauki Bakano. Mu tara a ɗaki ɗaya, duk mata 'yan kasuwa, kowace ta yi matashi da jakarta. Aka kawo wani tuwo baƙi na garin doya da miya ja. Loma ta farko hawaye ya zubo mini, ta biyu hanci ya bi sahu. Matan suka yi ta dariya, ɗaya ta miƙo mini ruwa tana cewa, "Baba, bari, kada ki mutu a garin mutane." Na cinye tas. Ban saba barin abinci a kwano ba.

Mutanen Legas a tsaye suke cin abinci, wasu ma suna tafiya. Ban ga wanda ya ce wa na kusa da shi bisimilla ba. Ba rowa ba ce, ina jin lokaci ne ba su da shi.

Washegari muka kama hanyar iyaka. A Seme aka jera mu layi, aka ce in ɗora yatsa a kan wani gilashi mai haske. Na ɗora, injin bai ce komai ba. Na sake, shiru. Ma'aikacin ya juya tafin hannuna yana kallo, ya kira abokin aikinsa shi ma ya kalla. Falmata ta ce wai zanen yatsuna ne ya goge.

"Me kika yi da hannun nan?" in ji ta.

"Fartanya da taɓarya."

Ta faɗa musu da Turanci. Babban cikinsu ya girgiza kai, ya sa aka shafa mini wani mai, aka gwada yatsa bayan yatsa har ƙaramin ya kama. Da zan wuce ya ɗan sunkuya mini. Ban san dalili ba, amma na amsa.

Kwatano gari ne na babura, masu tuƙin duk da riga ruwan ɗorawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Ba a jin Turanci, ba a jin Hausa sai jefi-jefi, amma Falmata da hannu da ido take ciniki, kuma ba a cutarta.

A Lome na ga teku. Hanya na tafiya, shi yana gefenta. Muna jiran canjin mota na ce wa Falmata zan je in duba. Na taka yashi har bakinsa. Ba shi da ɗaya gefen. Na duba iya ganina, ruwa ne har ya haɗu da sama, yana tasowa yana faɗuwa yana ruri ba wanda ya taɓa shi. Na yi shekaru ina roƙon Allah ruwan da zai jiƙa gona ɗaya, ashe ga inda ya ajiye shi. Na ɗiba na ɗanɗana, gishiri zalla. Ba a sha, ba a ban-ruwa da shi. Ina tsaye ina tasbihi ya taso ya bugi ƙafafuna, ya koma da takalmina ɗaya. Na bi shi taku biyu, Falmata ta fizgo mayafina.

"Bar masa, Hanne. Ya ci jirage, balle silifas."

Da takalminta na shiga Gana, yana yi mini yawa ina jan sa.

A iyakar Gana wata ma'aikaciya ta buɗe jakata. Warin daddawa ya tashi, na ji kunya ta kama ni. Sai ta ɗauki ƙulli ɗaya ta shinshina ta lumshe ido, ta ce da Hausa, "Mama, irin ta kakata ce." Mutuniyar arewacin ƙasar ce. Na ce ta ɗauka. Ta ce aikinta ya hana. Ta mayar, ta ɗaure mini jakar da hannunta.

Falmata ta kai ni har ƙofar gidan Auta a Akra, ta wuce masaukinta. Unguwar shiru kamar ba mutane. Katanga doguwa, mai gadi, motoci uku. Rabi ta fito ta rungume ni. Haifaffiyar can ce, fara, mai tsafta, tana da shagon sayar da labule da take fita kullum da safe.

Na same shi a falo, an ɗora ƙafarsa ta hagu a kan matashi an naɗe da bandeji. Tumbin ya zube, wuyan riga ya yi masa yawa. Ya yunƙura zai tashi.

Na ce, "Zauna."

"Yaya, kin sha hanya."

"Na sha. Kai me ka sha?"

Ya yi dariya, ya kawar da kai.

Da azahar aka jera abinci a wani dogon tebur. Ni aka ajiye mini shinkafa da kaza. Shi mai gidan aka ajiye masa wani ɗan tuwo ruwan ƙasa, da dafaffen zogale ba mai ba gishirin kirki. Ya taɓa da cokali ya ture. Da na zaga bayan kicin wanke hannu, na tarar da mai gadi da mai girki suna cin soyayyiyar shinkafa, kowa da kwalbar lemo a gefe. Na tsaya ina kallo. A garinmu da an ga haka, cewa za a yi matar ta gama da shi.

Kashegari Rabi ta ce in raka ta sayen abincin Alhaji. Na zaci kasuwa za mu. Wani kanti muka shiga mai sanyi kamar cikin randa, ƙasa na sheƙi, ba ƙuda ko ɗaya. Ta kai ni wani layi da ta ce na masu kula da lafiya ne. Nan na ga abin da ya fi teku ba ni mamaki.

Zogale ne a cikin kwalba, an niƙe shi an yi masa hula. Garin kuka a 'yar leda mai hoton bishiya. Aya, riɗi, zoɓo, acca, tsamiya, dawa, gero. Kowanne ɗan kaɗan, a jere kamar kayan lefe. Wata mata da zoben zinariya a yatsu uku ta ɗauki kwalbar zogale tana karanta jikinta a hankali, kamar mai duba takardar gado. Zogalen da ya yi mana shinge a bayan gida, wanda awakina ke ɗagewa su ci. Rabi ta ce duk kantin ba layin da ya kai wannan tsada. Ta ce talaka ba ya zuwa nan, shinkafa da taliya da burodi yake ci, su ne masu sauƙi da saurin dahuwa.

Na tuna gida. Yanzu a ƙauyenmu in ka yi suna ba ka dafa shinkafa ba, an dinga zancenka ke nan har yaron ya yi wayo. Jikokina kuka suke yi in an ce tuwon dawa, taliyar leda suke so. Baƙo in ka kawo masa kwaɗon rama sai ya ga ka raina shi. Wanda ya samu kuɗi, alamar farko shayi da burodi da safe, da lemon kwalba a gaban baƙi. Mu muna gudun abincinmu don kada a ce mana matalauta, su kuma nan sai mutum ya yi arziki yake iya saye.

A hanyar komawa na ga wani gida na gilashi, manyan mutane a ciki suna gudu a kan inji ba sa zuwa ko'ina, wasu na ɗaga ƙarfe suna ajiyewa. Rabi ta ce biya suke yi a bar su su yi gumi. Na ce da za su zo mana lokacin noman farko, kyauta za mu bar su.

Da muka isa gida na buɗe ledar geron da Rabi ta sayo na zuba a tafin hannu. Gero ne mai kyau, amma ba a surfa shi ba, da dusarsa da komai.

Na ce, "Rabi, an cuce ki. Wannan ba a surfe ba."

Ta ce, "A'a Yaya, haka ake so. Haka ake niƙa shi. Likita ya ce ya fi."

Ban yarda ba. A raina na ce yarinyar birni ce, ba ta iya surfe ba, kunya ce ta hana ta faɗa, shi ne ta jingina wa likita. A wajenmu macen da ta tuƙa wa miji tuwo da dusa, ranar za a kira uwarta. Dusa ta awaki ce. Ban so in kunyata ta a gidanta ba, sai na bar maganar. Na ce a zuci, likita ya ce gero, to gero zan ba shi, amma irin na mutane.

Da safe tana fita shago na zaga baya. Akwai turmin da suke kirɓa sakwara. Na juye geron, na yayyafa ruwa, na kama surfe. Mai girki ta fito tana yi mini magana da yarensu tana kaɗa hannu, na ɗauka cewa take kada baƙuwa ta wahala. Na ci gaba. Ba faifai, da tire na bakace. Na wanke, na shanya, aka niƙa a injin kicin. Dusar na zuba a gindin mangwaro. Na tuƙa tuwo mai laushi, sumul, na kwashe malmala uku manya, na kaɗa kuka da daddawata. Sauran garin na yi fura.

Auta ya sa hannu ya kai loma, ya rufe ido.

"Yaya, rabona da abinci tun kafin azumi."

Ya cinye ukun. Da na dama furar ya ce in jawo masa aljihun tebur na gefen gado. Suga ne mai ƙwaya a ciki, kwali guda, a ƙarƙashin takardu.

Na ce, "Ba an hana ka ba?"

"Biyu kawai. Fura ba suga ai magani ce."

Na jefa masa biyu. Da na juya ya ƙara.

Kwana biyar muna haka. Kafin Rabi ta dawo na wanke turmi na kife. Ta ga fuskarsa ta saki, ta ce zuwana ya yi amfani. Sai dai kullum da safe tana huda masa yatsa ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, kuma kullum sai ta ɓata fuska ta ce lambar hawa take yi, ba ta san dalili ba. Ni ban san lamba ba. Na san ƙanena yana ci yana ƙoshi.

Rana ta shida ya tashi da ƙishirwa, ya sha ruwa ya sha, bai ƙoshi ba. Magana na yi masa nauyi. Da aka kwance bandejin wari ya tashi. Muka tafi asibiti.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambayi abin da yake ci. Rabi ta fara lissafa abin da ta san tana bari a gida. Auta ya kafe ido a silin.

Na ce, "Rabi, gaya masa ni ce."

Na faɗi komai, surfen, malmala uku, furar, sugan. Rabi tana juyawa da Turanci. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce dusar nan da na zubar ita ce ke riƙe abinci kada ya zama suga a jini da sauri, kuma ko da dusar, malmala uku ta yi yawa. Ya ce ƙaramin yatsan ƙafar ya riga ya yi baƙi, dole a cire shi. Ƙafar kuma za a gani. Ya ce yatsan ya daɗe da fara mutuwa, ba kwana biyar ne suka kashe shi ba. Na ji, amma ban yafe wa kaina ba.

A barandar asibiti muka zauna ni da Rabi. Ta daɗe ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Yaya, kiran ki na yi ki taimake ni. Na gaya miki haka ake so."

"Kin gaya mini. Na zaci ba ki iya surfe ba ne."

"Ban iya ba. Amma ba shi ne dalili ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni abin da ban gane ba, mutumin nan yana shan magani mai ɗaci ba ya ko yamutsa fuska. Amma in ya ji dusa a baki sai ya tofar kamar an ba shi guba."

Na ce, "Bai gaya miki ba?"

"Me?"

Sai na gaya mata. Ina da shekara kamar goma sha uku, shi huɗu, aka yi fari shekara biyu a jere. Babanmu ya tafi neman abinci kudu, bai dawo ba. Innarmu ta kwanta, ba ta tashi ba. Na dinga bin gidajen masu rumbu ina yi musu surfe, ladana dusar. Ita nake kawowa in tuƙa da ganyen tafasa. Tana kartar maƙogwaro, tana kumbura ciki. Yana ci yana kuka, ina danna masa. Da ita muka kai damina. Ranar da muka ci sabon gero na yi rantsuwa a raina, in dai ina numfashi yaron nan ba zai sake cin dusa ba.

Rabi ta ce, "Shekara ashirin da aurenmu. Cewa ya yi babanku manomi ne mai rumbu uku."

"Yana da ukun. Babu komai a ciki."

Ta kama hannuna ta riƙe. Ba ta sake shi ba har aka fito da Auta.

Bayan kwana takwas aka sallame shi. Muna shiga ɗaki na jawo aljihun teburin, na ɗauke kwalin sugan na miƙa wa Rabi a gabansa.

Ya ce, "Yaya, a gidana?"

"A gidanka."

"Ni fa ba zan ci abincin awaki ba. Na ci rabona. Don kada in sake ci na bar gida."

"Na sani. Ni na ba ka."

"To?"

"To zan sake ba ka. Wancan karon ba ka mutu ba, wannan ma ba za ka mutu ba. In ka ƙi, su yanke ƙafar, ni kuma in koma in ce wa mutane na zo na ƙarasa ka."

Rabi ta fita da kwalin.

Rabi ta sake sayo geron. Wannan karon ban kusanci turmi ba. Amma na san dusa fiye da duk wanda ke garin nan. Na rege shi, na shanya, na ɗan gasa shi sama-sama a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi, don haka ne ke kashe kartar. Na sa aka niƙa sau biyu. Na jiƙa tsamiya na tuƙa da ruwanta. Miyar kuka na kaɗa da daddawa da busasshen kifi, mai kaɗan. Zogalen na yi masa kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli da albasa, yadda likita ya yarda. Malmala ɗaya, daidai dunƙulen hannunsa, tawa ɗaya.

Ban kai tebur ba. Na shimfiɗa tabarma a falo, na sa duka a kwano ɗaya. Ku da kuke ji kun san mace da namiji manya ba sa haɗa hannu a kwano, ko da ciki ɗaya suka fito. Rabonmu da haka tun yana ɗan shekara shida. Aka taimaka masa ya sauko, ya miƙe ƙafar. Na yi bisimilla na fara ci ban dube shi ba. Na kai loma huɗu kafin na ga hannunsa ya shigo kwanon.

Ya tauna a hankali. Ya haɗiye.

Ya ce, "Wancan ya fi wannan ɗaci."

"Wancan ba kifi."

Ya cinye tasa. Ya miƙo hannu wajen tawa, na buge hannun.

Haka muka yi sati bakwai, safe da rana da yamma, kwano ɗaya. Wata rana ya ci da daɗin rai, wata rana da zagi a ciki-ciki. Yana shan maganinsa, ana wanke ciwon. Rabi ta daina fita da wuri, ta tsaya a kaina tana koyo, har ta iya gane ƙamshin da ke nuna gashin ya isa. Lambar ta dinga sauka. Ciwon ya fara tsukewa daga gefe, naman ya koma ja.

Labari ya bazu cikin ƙawayenta. Sai ga manyan mata da manyan motoci suna zuwa, wannan mijinta na da suga, waccan ita ce da hawan jini. Su zauna a kicin da gwala-gwalansu, ina gasa gero suna ɗauka a waya. Malama suke ce mini. Ɗaya ta tambaya a ina na koyi wannan ilimi. Na ce a gidajen mutane. Ta ce lallai makaranta ce mai kyau. Abin da na yi shekara hamsin ina jin kunyar a san na ci, shi suke rubutawa. Har yau in na tuna sai in rasa abin cewa.

Ranar da likita ya duba ya ce ƙafa ta tsira, Rabi ta zauna a ƙasan ofishinsa ta yi ta kuka. Ni na ce alhamdu lillahi, na ce a nemo mini Falmata, awakina na hannun mutane.

Ranar da za mu tafi, da safe direba ya fito da mota. Auta ya ce shi zai raka ni bakin ƙofa da ƙafarsa. An yanke masa saman takalmi ɗaya don kada ya matse wurin. Ya riƙe sanda, muka taka a hankali, Rabi na biye da jakata. Daga falo zuwa ƙofar gidan ba nisa, amma sai da muka tsaya sau biyu.

A tsayuwa ta biyu ya ce, "Yaya, in tambaye ki."

"Ina ji."

"Lokacin farin nan. In kin ajiye mini kwano, sai ki ce ke kin ci naki a gidan aiki." Ya gyara riƙon sandar. "Kina ci kuwa?"

Falmata na cikin mota tana kiran sunana, wai rana na yi.

Na ce, "Ina ci."

Ya dube ni. Na dube shi.

Na ce, "Malmala ɗaya, Auta. Zan dinga tambayar Rabi."

Na shiga mota. Har muka sha kwana yana tsaye a bakin ƙofa, a kan ƙafafunsa biyu.